Karen da Jafaru Ya Bar wa Tani

Duk Mawashi babu wanda bai san Tani mai daddawa ba, kuma duk wanda ya san ta ya san ta da tsantseni a kan tsarki. Mace ce da in kaza ta taka mata tabarmar salla sai ta wanke ta shanya. Butarta daban, moɗarta daban, ko jikokinta ba sa kusantarsu. To wannan matar ce Allah cikin ikonsa ya haɗa da maharbi. Shekara arba'in da ɗoriya tana zaune da Jafaru, kuma a duk tsawon shekarun nan gidan bai taɓa rabuwa da kare ba, wannan ya mutu a kawo wancan. Ita kuwa ba ta taɓa kai hannu jikin ko ɗaya ba. Da ƙafa take tura musu kaskon abinci, tana tsaki, tana kawar da kai.

Na ƙarshensu shi ne Duna, baƙi wuluk, da ɗan fari a ƙirji. Yana ɗan kwikwiyo Jafaru ya zo da shi cikin aljihun taguwa. Tani ta ce ita fa in ya ɓata mata tsakar gida, to da shi da mai shi duk a waje za su kwana. Jafaru ya yi dariya kawai, ya kama aikinsa. Duk lokacin da kwikwiyon ya ci ya sha, sai ya ɗauke shi ya zagaya da shi bayan ɗaki, ya ajiye shi ƙarƙashin rumbun gero, tsakanin duwatsun da rumbun ke zaune a kai, ya tsuguna yana jira. In ya yi fitsari ko kashi a wurin, sai ya ɓantaro masa ƙanzon tuwo. In ya yi a wani wuri, ba tsawa ba duka, sai ya kwashe ya kai ƙarƙashin rumbun.

"Kare ba da sanda ake koya mashi ba, Tani," in ji shi. "Hancinshi ke ja mashi gora. Inda ya ji warin kanshi, nan zai ta komawa har ya mutu."

"Ku ta shafa, kai da shi," ta ce, ta ci gaba da firfita kalwarta.

Wata guda bai cika ba Duna ya haddace. Shekara da shekaru, ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, sai ya ratsa ya je ƙarƙashin rumbun nan. Ko Tani da ba ta ƙaunarsa ta shaida.

Da ciwon ajali ya kama Jafaru, ana cikin yankan gero, bai yi mata wasiyyar gona ko bindiga ba. Ya dubi ƙofar ɗaki inda karen ke kwance ya ce, "Ga Duna nan. Amana. Kada ki bari ya wulaƙanta." Ta ce, "Malam, duk matan duniya ana bar masu abin kirki, ni kare za ka bar mani?" Ya yi murmushi. Washegari da la'asar aka kai shi makwancinsa.

A shekara biyun da suka biyo baya yana ta rufe wa Tani idanu a hankali, har ta kai ba ta gane fuskar mutum sai ya yi magana. Amma baƙin abu a kan farar ƙasa tana iya ganinsa. Sai ya zama in za ta rijiya ko gidan maƙwabta, Duna ya shiga gaba, ita tana bin baƙin da ke motsi. Ba wanda ya koya masa wannan. Rannan kuma da damina, an kwana uku ana ruwa, tana zaune a ɗaki da rana tsaka, ya faɗo mata har ciki, abin da bai taɓa yi ba, ya kama bakin zanenta da haƙori yana ja. Ta zabura da tsintsiya ta bi shi waje tana zagi, wai ya sa mata yawu a zane. Ba ta yi taku biyar daga ƙofa ba ɗakin ya zauna a bayanta, rim! Tun daga ranar, ko da har yanzu ba ta taɓa shi da hannu ba, ta daina tura masa kasko da ƙafa.

Ɗanta Kamilu, autanta, ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma a Kankiya, ya daɗe da barin ƙauye tun kafin a kawo Duna. Ya zo da motar akori-kura ya kwashe ta. Dama ya sa sunanta cikin waɗanda za a yi wa aikin ido. Da aka gama loda kaya ya ce karen dai a bar wa maƙwabta, domin gidan haya yake zaune. Tani ta nemi wuri ta zauna daɓas a cikin caɓi.

"Auta, ko ni da shi, ko ka tafi da tarkacenka. Ubanka ya ce amana."

Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ga ba ci. Ya haƙura. Har ta shiga gaban mota sai ya tuna mata cewa in an yi aikin, likita zai hana ruwa ya taɓa mata fuska, sai dai ta riƙa taimama, ta shafi ƙasa a maimakon alwala. Gidansa kuwa siminti ne tun daga zaure har bayan gida.

"To ɗebo mani ƙasar gidanmu," ta ce. "Ban san abin da ke cikin ƙasar birni ba."

Ya ɗauki wani bokitin fenti mai marfi, ya zagaya bayan gida, ya ɗan jima, ya dawo da shi cike da busasshiyar ƙasa mai laushi. Ta rungume bokitin a cinya har Kankiya.

Mai gidan hayar, Alhaji Sada, tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, yana zaune a sashen gaba, kuma yawancin yininsa a zaure yake yi, kan darduma, da buta da carbi. Ba mugu ba ne, amma da ya ga baƙin kare ya diro daga mota sai da ya miƙe tsaye. Kamilu ya yi ta ba shi baki: karen gadi ne, tsoho ne, a tsakar gida zai zauna, ba zai shiga ɗakin kowa ba. Alhaji ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce ya yarda saboda tsohuwa, amma da sharaɗi ɗaya: kada ya ga ƙazanta a gidansa.

"Alhaji, wanga kare ya fi wasu mutane kunya," in ji Tani. "Shekara takwas bai taɓa ɓata mani tsakar gida ba."

Ai kuwa da ta san abin da ke tafe da ta yi shiru.

Aka yi mata aikin idon dama, aka manna auduga, aka ce bayan mako biyu a yi na hagu, kuma har a gama kada ruwa ya taɓa fuskar. Ta ajiye bokitinta a baranda, bakin ƙofar ɗakin da aka ba ta, nan take shimfiɗa tabarma. In lokacin salla ya yi ta buɗe, ta ɗebi ƙasa a faranti, ta yi taimama, ta karkaɗe hannu, ta maida sauran ta rufe. Washegari da safe surukarta Zuhura, matar Kamilu, ta fito shara ta taka danshi a gindin bokitin.

"Inna, kamar fitsari nake gani a nan."

Tani ta ce baƙunta ce ke damun Duna, kowa ya zo sabon wuri sai ya ruɗe. Ta wanke bayan bokitin da kanta, ta gode Allah da marfin ya rufu gam, ba abin da ya shiga ciki. Akwai wani kango a bayan gidan, fili ne da aka fara gini aka bari. Ta ƙudurta nan za ta koya wa Duna, kamar yadda ta ga marigayi ya yi. Ta roƙi Zuhura ta riƙa ajiye mata ƙanzo. Da Duna ya ci ya sha sai ta sa masa igiya a wuya da bakin sanda, ta lallaɓa da shi kangon, ta tsuguna da ƙanzo a hannu. Duna ya shinshina nan, ya shinshina can, ya zauna ya zuba mata ido. Ta yi lallashi, ta yi irin fiton da Jafaru ke yi, wanda bai taɓa fita daidai a bakinta ba. Shiru. Da ƙafarta ta gaji suka koma gida, ko zama ba ta yi ba ya wuce kai tsaye ya ɗaga ƙafa a gindin bokiti.

Kai, jama'a! Wuri duk faɗin gidan nan, ga makwarara, ga bayan banɗaki, sai wurin sallarta?

Ta tuna maganar marigayi ta cewa wari yake bi, sai ta tasar wa wurin da wanki. Ta goge da omo. Ta zuba toka. Ta yayyafa kananzir har Zuhura, da ke da ciki wata shida, ta yi amai. Ta barbaɗa dakakken barkono, Duna ya yi ta atishawa, hawaye na zuba, amma ya tsaya a cikin barkonon ya yi abin da ya kawo shi. Ta ɗauke bokiti da tabarma ta koma ɗaya kusurwar barandar, ya bar tsohon wurin ya bi ta sabon. Aka ɗaure shi a jikin turken shanya, ya yi ta kuka tun hantsi har maƙwabta suka aiko a ji ko lafiya. Aka kwance shi, ya ruga gindin bokiti kamar an kira shi.

Ba ta taɓa kawo bokitin a ranta ba. Ta yaya ma? A duk kayan da ta mallaka ba abin da ya kai shi tsarki a wurinta.

Ana nan, rannan Duna ya sa baki a kwanon da Zuhura ta bari a gindin famfo. Zuhura yarinya ce mai ilimi, ta san hukuncin: wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Gidan kuwa ba ƙasa sai ta Inna. Ta roƙi tafi guda, ta cuɗa kwanon a nan gindin famfo, ta ɗauraye. Kafin azahar Duna ya yi fitsari a gindin famfon, wurin da duk gidan ke alwala. Alhaji Sada ne ya fara gani, ya naɗe hannun riga ke nan. Bai ɗaga murya ba, ya aika aka kira Kamilu.

"Ka san mai babur ɗin nan da keji a baya, mai bi gari-gari yana karɓar karnuka ya kai kudu? Duk Juma'a yana ratsawa ta nan. In karen nan ya ƙara, ko ya hau kejin, ko ku nemi wani gida. Na faɗa maka tun farko."

Kowa ya san karen da ya hau kejin nan ba gadi ake kai shi ba. Tani ta ji komai daga baranda.

Daga nan ta zama makiyayiyar kare. An yi mata ido na biyu, tana fama da zogi, amma ko gyangyaɗi ba ta yi. Inda Duna ya sa ƙafa nan take sawa. In ya nufi bokiti ta riga shi, ta tare da jikinta. In ya ɓata wuri ta goge da tsumma kafin wani ya gani, ta ɓoye tsumman. Tani fa! Tani da kaza ba ta taka wa tabarma, ita ce ke yawo da tsumman fitsarin kare a ƙunshe cikin leda a ƙugu. Ta rame, ta daina cin abinci sosai. Zuhura, da tausayi ya kama ta, ta ce, "Inna, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya tsufa, ba zai koyi sabon wuri ba." Mata maƙwabta kuwa da suka shigo dubiya cewa suka yi baƙin kare ai shaiɗan ne, ba ku ga wurin ibada kawai yake bi ba? Tani ta kore su da harara, amma maganar ta zauna mata a zuciya. Wurin salla, wurin alwala. Me ya sami Duna?

Kwana tara ta yi tana ɓoyewa. Ranar Laraba da hantsi Alhaji ya tafi jana'iza. Ita kuma ta shiga banɗaki, da ta fito ba Duna. Ta same shi a zaure yana lasar ruwan da ya zubo a jikin butar Alhaji, ƙishi ya kai shi. Ta kore shi, ta ruga ta ɗebo ƙasa a bokitinta, ta tsuguna a nan gefen darduma ta wanke butar sau bakwai, ɗaya da ƙasa, tana ƙirgawa a fili. Ruwan ya ɗan malala a siminti, ta share da tsintsiya, ta maida butar daidai yadda take. Ta koma ciki tana hamdala, ta rufe wannan ɓarakar.

Alhaji ya dawo da azahar ya tarar da darduma sharkaf.

A wannan karon ya ɗaga murya, har masu wucewa suka tsaya. Tani ta fito da audugarta a ido, ta zube a gabansa gwiwa biyu, tsohuwar da ta girme shi.

"Alhaji, don Allah, don Annabi. Ka ba ni wata ɗaya. In an kwance mani idon nan zan koma da shi ƙauye, ko bukka ce in yi."

"Inna, tashi, kada ki sa ni zunubi. Dardumata fa! Wurin da nake sa goshi! Jibi Juma'a. Na gama magana."

Ta juya ga Kamilu, ya sunkuyar da kai. Ina zai kai mace da tsohon ciki a tsakiyar damina? Ta sa ya buga wa Harisu waya, abokin farautar marigayi da ke Kunduru. Harisu ya ce karnukansa uku matasa ne, tsohon kare baƙo ba zai yi yini ɗaya a cikinsu ba, yaga shi za su yi. Aka nemi maƙwabtan Mawashi, suka ce yanzu gero ya yi tsada, bakin mutane ma ya ishe su. Ta ce to a kai shi daji a saki. Kamilu ya ce, "Inna, kin san kafin mu dawo ya riga mu isowa."

Ranar Alhamis Tani ta yi abin da har yau ba ta iya faɗa ba tare da muryarta ta karye ba. Ta hana shi ruwa. Tunaninta in bai sha ba ba zai yi ba, ko Alhaji ya ga yini guda lafiya ya sassauta. Ta fita da shi kango tun hantsi, ta ɗaure shi a jikin wani bulo, ta zauna a rana, ita da likita ya ce ta guji rana. Ta shimfiɗa ƙanzo a cinya. Duna ya kwanta, harshe waje, yana haki. Ta yi masa magana kamar mutum.

"Duna, mi na yi maka? Nan kawai. Sau ɗaya. In ruga in kira Alhaji ya gani da idonshi. Kai ba ka san gobe Juma'a ba?"

Ya kaɗa wutsiya sau biyu a ƙasa. Can wajen azahar ya miƙe yana rawar jiki, yana ƙugi, yana jan igiya zuwa ƙofar gida. A matse yake, ko makaho ya gane. Ta riƙe igiyar, ta ce wallahi sai dai ya yi a nan. Ya matse, ya matse, bai yi ba. Da aka kira la'asar ta kasa jure kukan, ta kwance shi don ta kai shi inuwa ta ba shi ruwa. Ya fizge igiyar, ya shige gida a guje. Kafin ta iso ya gama, a gindin bokiti, yana dubanta yana kaɗa wutsiya, yana jiran ƙanzo.

Nan idonta ya rufe. Ta ɗaga sandarta ta shiga dukansa, tana kuka tana duka. Bai gudu ba, bai yi haushi ba. Ya lafe a siminti ya sa kai tsakanin ƙafafu, har sai da Zuhura ta riƙe sandar ta ce, "Inna, ya isa, za ki kashe shi."

Ranar Juma'a da hantsi mai babur ya iso, da kejin waya a baya, karnuka biyu a ciki. Ya shigo da wani dogon ƙarfe mai zarge a baki. Duna ya ja da baya ya shige lungun banɗaki, ya yage baki, ya nuna cewa shi karen maharbi ne. Mutumin ya gwada sau uku ya kasa. Ya ce in ba mai shi ya kama masa ba, to sai dai ya karya masa ƙafa. Kowa ya dubi Tani.

Ta miƙe. Ta ɗauko ƙanzon jiya da bai ci ba, ta tsuguna, ta ce, "Duna, zo." Ya fito yana ɗingishi daga dukan jiya, ya zo ya karɓa a hannunta. Ta ɗora tafinta a kansa. Shekara takwas, yau ce rana ta farko, ashe gashin kansa laushi gare shi. Ta sa masa igiyar da hannunta, ta miƙa wa mutumin. Da mutumin ya sa hannu a aljihu ta ce in ya fito da wani abu Allah ya isa. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa tun kafin a tada babur.

A ranar ne kuma wa'adin likita ya cika, aka ce ta iya taɓa ruwa. Bayan an sauko daga masallaci, gidan ya yi tsit, Zuhura ta tambaya a hankali ko za ta zubar da ƙasar ta sami bokitin jiƙa wanki. Kamilu, da ke neman abin da zai faɗa ya sauƙaƙa zaman, ya ce:

"Wallahi ƙasar nan na sha wuya kafin in same ta. Ranar ko'ina caɓi ne. Sai da na yi rarrafe na shiga ƙarƙashin rumbu, nan kaɗai ruwa bai taɓa ba."

Tani ta ɗago kai.

"Wane rumbu?"

"Na geron nan, na bayan ɗaki. Tsakanin duwatsun. Ƙasar wurin har laushi gare ta, kamar an tankaɗe."

Ba ta yi salati ba, ba ta yi ihu ba. Ta jawo bokitin, ta buɗe, ta sa hanci. Ita ba ta ji komai ba sai ƙamshin ƙasa. Amma ta gani, ɗaya bayan ɗaya: baranda, ɗaya kusurwar, gindin famfo inda Zuhura ta cuɗa kwano, gefen darduma inda ita da hannunta ta wanke buta. Duk inda ƙasar nan ta taɓa. Ashe Duna bai taɓa saɓawa ba ko sau ɗaya. An ce masa ƙarƙashin rumbu, ya nemi ƙarƙashin rumbu a garin da bai sani ba, ya same shi a cikin bokiti. Ya yini a rana da ƙishi yana matse fitsari don kada ya yi a inda ba a koya masa ba, ita kuma ta saka masa da sanda.

"Auta, tada babur," ta ce. "Tada babur!"

Suka je tasha, suka je bakin kasuwa, suka je mararraba. Tana bayan babur, mayafi na faɗuwa, tana tambayar duk wanda ta gani, mai shayi, mai faci, 'yan kamasho. Wani mai sayar da fetur a kwalba ya ce ya ga mai kejin, tun kafin a shiga masallaci ya miƙi hanyar Kano. Kamilu ya bi hanyar har man babur ya kusa ƙarewa. Ba keji ba alamarsa.

Sallolin kwana ashirin da bakwai da ta yi da ƙasar nan, ta tambayi malam, ta rama su duka cikin mako guda, ba ta ko yi ƙorafi ba. Zuhura ta sake wanke kwanukan gidan kaf. Alhaji Sada da ya ji labari ya shigo har baranda, ya ce, "Inna, ban sani ba." Ta ce, "Ni ma ban sani ba, Alhaji. Amma kai ba ka buge shi ba, kuma ba kai aka ba amana ba."

Ƙasar kuwa ba ta bari an zubar a bola ba. Ta ɗauki bokitin da kanta ta kai kango, ta juye a gindin katanga, ta nemo duwatsu uku ta kewaye. Ta ce karen maharbi ne, an sha jin wanda ya ɓalle keji ya dawo daga uwa duniya. In ya dawo, ya sami wurinsa, kada ya shiga gida ya ja wa kansa. Kamilu ya buɗe baki zai yi magana, Zuhura ta taɓa shi ya yi shiru.

Idanunta sun buɗe tar, har zare take sa wa allura. Ta koma yin daddawa a Kankiya, kuma an ce tata ta fi ta kowa a unguwar. Kowace safiya kafin ta ɗora tukunya sai ta zagaya kango ta duba. Wata safiya bayan kaka ta tarar da wurin a jiƙe. Ta koma gida da gudu, ta kwaso ƙanzo, ta zo ta zauna a kan bulo, ta ƙi ci ta ƙi sha, ranar ba a ɗora kalwa ba. Wajen azahar wani jan kare mai yagaggen kunne ya ɓullo ta bayan katanga, ya shinshina duwatsun, ya ɗaga ƙafa.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta raba ƙanzon biyu, ta jefa masa rabi, ta ƙulle rabin a bakin zane.